Shin tashin hankali na hana mikin kwaɗo warkewa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar nazarin halittu ce. Mun tara kwaɗi a bokiti domin darasin gwaji, ɗaya ya kuje a ƙafa. An kwana biyu mikin bai kama hanyar warkewa ba, cinyoyinsa ma sun yi ja. An ce mini takura ce ta jawo. Ashe kwaɗo ma yana shiga damuwa?

Amsa: Malama, yana shiga ƙwarai, kuma jininsa ne ke ba da shaida. Da zarar an damƙe kwaɗo, ko ruwansa ya gurɓace, ko an cunkusa shi da 'yan'uwansa, ƙwaƙwalwarsa takan aika saƙo ga wasu ƙwayoyi da ke manne da ƙodarsa, su saki sinadarin kotikosteron cikin jini. Ɗan'uwan kotisol ne da jikin mutum ke fitarwa. Aikinsa shi ne ya tattaro sukari da ƙarfi domin gudun ceton rai, ya jingine duk abin da zai iya jira. Gyaran fata da yaƙi da cuta suna cikin abubuwan da ake jinginewa.

Idan firgicin na ɗan lokaci ne, babu laifi, har ma da amfani. A 1987 Michael Zasloff, wani likita a Amurka, ya lura cewa kwaɗin Afirka masu farce da ake yi wa tiyata suna warkewa sumul a cikin ruwa mai datti. Da ya bi diddigi, ya gano wani sinadari a fatarsu mai kashe ƙwayoyin cuta, ya sa masa suna magainin. Firgici ne ma ke sa fatar ta tsiyayo da irin wannan kariya a take.

Matsalar tana farawa ne idan takurar ta ƙi ƙarewa. Miki ba ya warkewa sai ya ɗan kumbura tukuna, domin kumburin nan ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini su share wurin, sannan sabuwar fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Kotikosteron yana danne wannan kumburi. Idan ya daɗe a jini, ƙwayoyin garkuwa da ake kira limfosait su ragu, fata ta rage haɗa sinadaran kariyarta. Kamar magidanci ne da ya buɗe rumbu saboda yunwar kwana ɗaya, ya zarce har ya cinye irin shuka. A 2015 Sarah Woodley da abokiyar aikinta a Jami'ar Duquesne sun gwada wannan a kan salamanda, dangin kwaɗo mai wutsiya: waɗanda aka shafa wa sinadarin, mikinsu ya fi jinkirin rufewa. Haka yake ga mutumin da ya daɗe yana shan firedinisolon, maganin da ke aiki irin na kotisol.

Lokacin da na fi tausaya wa kwaɗo shi ne sa'ad da yake ƙarami, wutsiyarsa ta narke ya bar ruwa ya fito tudu. A nan kotikosteron kan hau sosai don ya taya sinadarin tayirod na maƙogwaro sauya halittarsa, kuma Louise Rollins-Smith ta Jami'ar Vanderbilt ta nuna cewa limfosait masu yawa suna mutuwa a wannan gaɓa. In kududdufi ya fara ƙafewa, 'ya'yan wasu kwaɗin sukan gaggauta fitowa, ƙanana, garkuwarsu ba ta yi ƙwari ba. Abin damuwa ne a duniyar da cutar kitrid, dangin funfuna, ta rage yawan nau'i 501 na kwaɗi da danginsu, bisa ƙididdigar da aka fitar a 2019.

Jan da kika gani a cinya ya yi kama da cutar jar ƙafa, wadda ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas ke haddasawa, galibi ga kwaɗin da aka tsare a mummunan yanayi. Ki ware shi daban yau ɗin nan. Ki rage cunkoso, ki riƙa sauya ruwa da wanda babu kulorin a ciki, ki ajiye musu maɓoya a inuwa, ko fasasshen kasko ne. A daina ɗaukarsu sai dole, kuma da jiƙaƙƙen hannu marar sabulu ko mai, domin fatarsu tana tsotse duk abin da ya taɓa ta. Mai jan ƙafar kuma a kai shi ga likitan dabbobi, don in cutar ta shiga jini tana kisa cikin kwanaki.