Tambaya da amsa: Kafa wurin yanka da goge duwatsun ado a cikin gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni maƙerin azurfa ne a unguwar Bukoki, nan Yamai, ina ƙera zobba da 'yan kunne da sarƙoƙi. Duwatsun da nake ɗorawa a kan zobe a goge nake sayensu daga hannun fatake, kuma sau da yawa girmansu ba ya dacewa da abin da mai saye yake so. Yanzu wani ɗan'uwana ya kawo mini ɗanyen aƙiƙ da wasu jajayen duwatsu daga kasuwar Agadas, ina so in fara yankawa da gogewa da kaina. Akwai ɗaki ɗaya da ba kowa a cikinsa a gidanmu, ina kuma da injin yankan ƙarfe na hannu irin na masu walda. Shin zai isa in fara da shi? Idan bai isa ba, me ya kamata in fara saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Wannan injin da ka ambata ka bar shi a wurin aikin ƙarfe, domin yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda, kuma a bushe yake aiki, alhali aikin dutse mai tauri ba a yin sa sai da ruwa tun daga yanka har zuwa gogewar ƙarshe. Idan ka sa shi a kan aƙiƙ, zafi zai tsattsaga dutsen, gefensa ya farfashe, sannan ƙurar da za ta tashi ta fi asarar dutsen muni nesa ba kusa ba.

Aƙiƙ da jan dutsen da Hausawa ke kira lantana duk dangin dutsen ƙanƙara ne, sinadarinsu ɗaya da na yashi, wato silika. Ƙurarsu mai laushin da ido ba ya gani ita ce take shiga can cikin huhu ta zauna, jiki ya kasa fitar da ita, a hankali huhun ya yi tabo ya taurare. Wannan ciwon shi ake kira silikosis, ba shi da magani, yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana, kuma yana buɗe wa tarin tibi ƙofa. Garin Kambat na ƙasar Indiya, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana aika duwatsun aƙiƙ zuwa Afirka, ya yi suna da wannan ciwo a tsakanin masu wasa dutse a bushe cikin gidajensu, har da iyalansu da ba su taɓa sa hannu a aikin ba. Tun da a cikin gida za ka yi naka, lissafin bai tsaya a kanka kai kaɗai ba, ya haɗa da uwargida da yara. Takunkumi mai lamba FFP2 ko FFP3 yana taimakawa, tabarau kuma dole ne, amma dukansu ƙari ne a kan ruwa, ba sa maye gurbinsa.

Saboda haka kafin a zo maganar inji, ɗakin ne za ka fara shiryawa, kuma ruwa ne zai nuna maka inda kowane abu zai zauna. Daɓen ya zama na siminti wanda ake iya wankewa, a sami taga mai shigo da haske da iska, ƙofar kuma ta kasance mai kulluwa. Ba sai ka ja famfo ba. Ka rataye bokiti a sama da teburin aiki, ka saka masa sabuwar robar ƙarin ruwa irin wadda ake sayarwa a kantin magani, domin tana da ɗan makunni da za ka daidaita ɗigon ruwan da shi yadda kake so. A ƙarƙashin faifan aiki ka sa tire mai rami wanda zai zubar da ruwan cikin wani bokitin. Ruwan nan zai fito da farar laka, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke sakaci: a zafin Yamai lakar da ta zuba a ƙasa ba ta daɗewa take bushewa, da ta bushe kuwa ta koma ƙurar nan da ake gudu, tsintsiya ɗaya ta isa ta tayar da ita. Don haka ɗakin gogewa ake yi da jiƙaƙƙen tsumma bayan an tashi daga aiki, ba shara ba. Lakar da ta kwanta a gindin bokiti a kwashe ta tun tana ɗanya a binne, kada a zuba ta a magudanar gida, domin tana daskarewa ta toshe hanyar ruwa.

Inda ruwa da wutar lantarki suka haɗu kuwa, sai an kira ma'aikacin wuta na gaske. A sa wa layin ɗakin makatsin wuta mai kare rai na miliamfa 30, wanda yake yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum, a haɗa jikin kowane inji da wayar ƙasa, a kuma ɗaga soket sama da teburi inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Kada ka tsaya aiki a jiƙaƙƙen daɓe ba takalmin roba.

Sai sanin dutsen da ke hannunka, domin taurinsa ne yake faɗin kayan da zai ci shi. Ma'aunin da kowa ke bi shi ne wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Dutse mai laushin nan na Abzin da ake sassaƙa 'yan raƙuma da shi yana can ƙasa, wajen 1 zuwa 2, kuma zarton ƙarfe da magagari da takardar guga ta ruwa irin ta masu fentin mota sun ishe shi. Bakin wuƙa da gilashi suna wajen 5 da rabi. Aƙiƙ da lantana suna kusa da 7, abin da ke nufin magagarin da kake gyara azurfa da shi ba zai yi musu komai ba, sai dai shi ya dakushe. Abin da ke cinsu shi ne daimon, mai lamba 10, ko baƙin garin nan da ake kira kaborandam, wanda ya ɗara 9. Wannan ma'auni zai yi maka wani amfanin a kasuwa: aƙiƙ na gaskiya yana karce gilashin kwalba, wuƙa kuma ba ta karce shi, kuma idan ka ɗaga dutse a rana ka ga 'yan ƙwayoyin iska a cikinsa, to gilashi ne aka rina.

Shawarata ita ce ka tsaya a kan yankan doro, wato dutse mai shimfiɗaɗɗen gindi da sama mai tudu kamar bayan kunkuru, wanda shi ne zoben azurfa ya fi karɓa. Yankan fuska-fuska irin na daimon wata sana'a ce daban, injinta na da tsada, kuma aƙiƙ ba ya buƙatarta.

Abu na farko da za ka saya shi ne zarto. Ƙaramin injin yankan tayil mai tiren ruwa a ƙasa, irin wanda magina ke amfani da shi, ya isa mai farawa, kuma ana samun irinsa wajen masu sayar da kayan gini, Katako ma wuri ne da ya kamata ka leƙa. Abin da za ka canja shi ne faifan. Ka nemi faifan daimon mai baki a haɗe, ba mai tsage-tsage ba, kuma gwargwadon sirantakarsa gwargwadon yadda zai rage maka asarar dutse da farfashewar gefe. Ba a tura dutse da ƙarfi, ana riƙe shi da hannu biyu a kwance a kan tebur a bar faifan ya ci da kansa. Idan ya fara nawa, yawanci ba ƙarewa ya yi ba, ƙarfen bakinsa ne ya rufe ƙwayoyin daimon, kuma yanka guntun jan bulo sau biyu ko uku yakan buɗe su. Ka zubar da ruwan tiren bayan aiki saboda tsatsa.

Na biyu shi ne injin wasawa, kuma a nan ne mafi yawan kuɗinka zai tafi. Wanda ake sayowa daga waje a haɗe yana zuwa da fayafai shida a kan sanda ɗaya, masu lamba 80 da 220 da 280 da 600 da 1200 da 3000. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar kuma mai laushi. Biyun farko masu tauri ne, da su ake fitar da siffa, sauran huɗun kuma suna da ɗan taushi a ƙarƙashi don su bi tudun dutsen su share kartar da na baya ya bari. Ba dole ne ka sayi injin gaba ɗaya ba. Fayafan kaɗai za ka yi oda, masu faɗin santimita 15, sai mai walda ya haɗa maka sandar ƙarfe a kan boris biyu, da murfin da zai tare feshin ruwa, a ja ta da bel daga injin lantarki da aka ajiye a baya inda ruwa ba ya isa. Injin da ke da ƙarfin wat 250 zuwa 370, mai juyi wajen 1,450 a minti, shi ne daidai. Injin wasa wuƙa na kan tebur da ake gani a kasuwa yana ninka wannan gudun, kuma ba a yi shi don ruwa ba, saboda haka ba na ba ka shawarar sa. Abu ɗaya da za ka tsananta wa mai waldar a kai shi ne sandar ta miƙe sarai, domin faifan da ke rawa bugun dutse yake yi, ba wasa shi ba. Kuma kada ka taɓa sa azurfa a kan waɗannan fayafai, tana liƙewa ta cushe su.

Idan kuɗin bai kai nan ba tukuna, ana iya farawa da hannu: a barbaɗa garin kaborandam a kan gilashi mai kauri, a ɗiga ruwa, a riƙa murza dutsen, kowace lamba da nata gilashin. Aikin yana cin lokaci, amma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Jan dutsen lantana daga yankin Kirtashi, a bakin kogi kudu da Yamai, fatake suka riƙa kai shi Ilori, inda aka yi ta wasa shi a kan dutse da hannu ana mai da shi tsakiya tun kafin zuwan inji.

Dutsen zobe ya yi ƙanƙanta a riƙe shi da yatsu, don haka ana manna gindinsa a kan ɗan guntun itace ko kan babbar ƙusa. Littattafan waje suna cewa a yi amfani da kakin da ake narkawa, amma idan dutsen ya ɗauki zafi kakin yakan yi laushi dutsen ya goce ana tsakiyar aiki. Gam mai kamawa nan take a kan ƙusa ya fi dacewa da mu, in an gama a jiƙa shi a asiton, wato ruwan nan da ke narkar da gam, ya saki. Tun da kai ne za ka ɗora dutsen, ka wasa gefensa da ɗan karkata zuwa ciki ta sama don bakin azurfar ya sami abin kamawa, ka kuma kashe kaifin gefen gindin kaɗan don kada ya ɓalle lokacin da kake danna ƙarfen.

Sheƙi ba a matakin ƙarshe ake samun sa ba, a lamba 280 da 600 ake samun sa ko a rasa shi. Jiƙaƙƙen dutse kullum kyakkyawa ne, ruwa yana ɓoye karta, shi ya sa bayan kowane faifai sai ka shanya shi ka duba a hasken rana. Dabara mai sauƙi ita ce ka shafe fuskar dutsen da alƙalamin maka kafin ka hau faifai na gaba. Duk inda tawada ta rage, faifan bai taɓa wurin ba. Idan ka ga karta mai zurfi a lamba 1200, komawa baya za ka yi, domin faifai mai laushi ba ya cire abin da mai kaushi ya bari. Ka wanke dutsen da kuma hannuwanka tsakanin kowane mataki, saboda ƙwaya ɗaya ta lamba 80 ta isa ta ɓata aikin yini. Gogewar ƙarshe ana yin ta da garin sa sheƙi da ake kira seriyom, wanda aka dama da ruwa, a kan jemammiyar fatar sa da aka manna a faifan katako, fatar tana da ɗan danshi, ana ɗaga dutsen akai-akai don kada ya yi zafi ya tsage. Wannan faifan fatar ka riƙa ɗaure shi a leda duk lokacin da ba ka aiki da shi, musamman da hunturu, domin ƙurar da iska ke kawowa tana ɗauke da yashi mai tauri ɗaya da na aƙiƙ, kuma idan ta zauna a fatar za ka yi ta gogewa kana karce dutsen da hannunka.

Huda dutse don sarƙa ko 'yan kunne ana yin ta da siririn tsinken daimon na milimita 1 zuwa 2 a ƙaramin injin huji, dutsen yana nutse cikin ruwa kaɗan a kan guntun katako, ana dannawa ana ɗagawa don ruwa ya shiga ramin. A huda rabi ta wannan fuska, a juya a ƙarasa ta ɗayar, in ba haka ba bakin ramin zai ɓalle. Injin gangar nan kuwa da ke juya tsakuwa har ta yi sumul yana buƙatar makonni huɗu ko fiye yana aiki dare da rana, kuma da yadda ake ɗauke wuta a lokacin zafi ban ga dalilin sa kuɗi a kansa yanzu ba.

Game da duwatsun da aka kawo maka, ka zazzage su ka duba da kyau kafin ka yanka ko ɗaya. Idan akwai wanda aka riga aka huda, ko mai siffar kan kibiya ko gatari, to mai yiwuwa kayan mutanen dā ne da ake tsinta a hamada, dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta shafe su, kuma ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama za su iya duba maka su. Sauran kuma ka jiƙa su ka haska da tocila don ganin inda tsaga take, ka ware masu kyau gefe, ka fara koyo da farar ƙanƙara ko mafi munin abin da ke cikin buhun, domin duwatsun farko kusan dukansu lalacewa suke yi.