Zan je garin inabi a Afirka ta Kudu: yaya zan gane "wain" marar giya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. A watan Maris zan halarci wani taro a Stellenbosch da ke Afirka ta Kudu, kuma masu shirya taron sun ce za su kai mu yawon buɗe ido wani gari na cikin duwatsu mai suna Franschhoek, wanda aka ce ya shahara da inabi. Da Hajiya ta ji haka sai ta ce lallai in yo mata tsarabar "wain" marar giya, irin wanda ake buɗewa a wurin biki, saboda auren ɗiyarmu ya matso. Ni kuwa tsorona kada in sayi haram da kuɗina in shigo da shi gidana. A ina zan samu, kuma yaya zan tantance?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Tsoron nan naka yana kan hanya, domin kalmar "wain" da muke faɗa a nan gida da wadda za ka tarar a can, suna ne kawai ya zo ɗaya. A wurinmu idan uwar amarya ta ce a sayo wain, Eva take nufi ko Chamdor ko Pure Heaven, wato ruwan inabi mai zaƙi da kumfa a cikin doguwar kwalba. A Franschhoek kuwa idan ka shiga kanti ka ce a ba ka wain, giya za a miƙo maka, kuma mai kantin bai yaudare ka ba, abin da ka tambaya ya ba ka. Don haka tun daga filin jirgi ka ajiye wannan kalma, ka riƙe "grape juice", ko "druiwesap" da harshen Afirkans wanda mafi yawan ma'aikatan gonakin yankin ke magana da shi.

Garin kansa ƙarami ne, yana cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta ɓangarori uku, tafiyar kamar kilomita 30 daga Stellenbosch, kamar 75 daga Cape Town. Ma'anar sunan ita ce lungun Faransawa, saboda Kiristocin Furotesta da suka gudo daga Faransa aka zaunar a kwarin tun daga 1688, shi ya sa har yau gonaki da yawa ke ɗauke da sunayen Faransanci. Tun kafin zuwansu ma, a 1659, Turawan Holan suka fara matse inabi suna yin giya a yankin Cape. Kwarin Franschhoek da giyar inabi yake ci da sha. Har wani ɗan jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido ake da shi, Wine Tram, wanda aikinsa ɗaukar baƙi daga wannan gona zuwa waccan don ɗanɗana giya. Ka tambayi masu shirya taronku tun da wuri ko shi suka yi muku tanadi, don ka san matsayin da za ka ɗauka kafin ranar.

To, ga inda maganar take. Kwalaben da za ka gani iri uku ne, kuma a ido kusan ba su da bambanci. Kafin in lissafa su, bari ka ji yadda ruwan inabi ke zama giya.

Cikakken inabi irin na gonakin nan yana da sukari kamar giram 200 zuwa 250 a kowace lita ta ruwansa. A jikin ɓawonsa kuma akwai ƙwayoyin yis, dangin wanda masu burodi ke sa wa ƙulli ya tashi. Da zarar an matse inabin an bar shi, yis ɗin sai ya kama cin sukari, yana fitar da alkohol da iskar gas. Kusan kowane giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na alkohol, shi ya sa giyar inabi ke tsayawa tsakanin kashi 11 zuwa 15. Wannan tsimuwa ba baƙuwarka ba ce. Ka tuna gorar kunun zaƙi ko ta zoɓo da aka manta a bayan mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Washegari sai ka ga gorar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga, ka murɗa murfin ka ji "fsss", ɗan tsami-tsami ya bugi hancinka. Aikin da ya fara a cikin gorar nan, danginsa ne masu giya ke lallaɓawa har ya kai ƙarshe. A cikin Sahihu Muslim ma ya zo cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ba a ƙara ajiye masa shi.

Iri na farko shi ne ruwan inabin da aka tare shi tun kafin ya fara tsimuwa. Ana ɗumama shi har ƙwayoyin yis su mutu, sannan a rufe shi ruf. Wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi haka a 1869 don cocinsu ta samu abin sha marar maye, da dabarar ɗumamawa ta Louis Pasteur. Kumfar da kake gani a irinsa iskar gas ce aka ɗura masa a masana'anta, kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Wannan shi ne abin da Hajiya take so. A Afirka ta Kudu za ka same shi da sunan Grapetiser, fari da ja, da Chamdor ɗin da muka sani, wanda asalinsa ma daga can yake, sannan gonaki da dama suna cika nasu a kwalba don yara da direbobi.

Iri na biyu giya ce sak, ba ta buƙatar dogon bayani.

Iri na uku shi ne wanda ke rikita mutanenmu, kuma shi na fi so ka buɗe wa ido. Ana barin inabi ya tsimu ya zama cikakkiyar giya, daga baya a zare alkohol ɗin da inji, ko dai ta hanyar turara ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska don alkohol ya tashi ba tare da zafi mai yawa ba, ko ta hanyar tace ta da wani irin rariya mai matuƙar ƙananan huji. A jikin kwalbar za ka ga an rubuta "de-alcoholised wine", sau da yawa tare da manyan haruffan "non-alcoholic" ko "zero" a gaba. Yawanci akan bar ragowar alkohol ƙasa da kashi 0.5 cikin 100. Wasu kamfanonin kuma, irin su J.C. Le Roux da ke kusa da Stellenbosch, suna fitar da mai giya da marar giya da suna iri ɗaya, a kwalba mai fasali iri ɗaya, sai ɗan rubutu ya raba su. Kalmomin ma ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina: a Jamus ana iya kiran abin sha marar alkohol alhali yana da kashi 0.5, a Ingila kuwa ƙa'idar kalmar ita ce 0.05.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fannina kimiyyar abinci, amma ga abin da zan iya ajiye maka ka kai wa malaminka. Ɗan burbushin alkohol shi kaɗai ba shi ne ma'auni ba, domin ana samun irinsa a ayaba da ta nuna sosai, da burodi, da ruwan 'ya'yan itace na yau da kullum, kuma ko tulu guda mutum ya sha ba zai bugu ba. Abin da malamai da yawa ke dubawa shi ne asali: shin wannan abu ya taɓa zama giya? Majalisar fatawa ta Malesiya a 2011 ta yanke cewa abin shan da aka yi da niyya da hanyar yin giya haramun ne ko da an zare masa alkohol. Akwai masu sassautawa, amma a ganina, Malam, mutumin da zai shayar da ɗaruruwan baƙi a auren ɗiyarsa, cikinsu har da malamai da dattawan unguwa, ba shi da dalilin kusantar abin da ake saɓani a kai alhali ga wanda babu shakka a kansa a kanti ɗaya, kuma ya fi araha.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da wannan yanki. Lokacin da na je, na tsaya a wata rumfar gona a bakin hanya, irin wadda suke kira "padstal", inda ake sayar da zuma da busasshen inabi da man zaitun. Na ce wa dattijuwar da ke tsaron wurin ina son abu mai zaƙi na inabi. Ta ɗauko wata 'yar siririyar kwalba mai ruwan zinare an rubuta "Hanepoot", ta ce wannan kamar zuma yake. Na juya bayan kwalbar, sai ga "16,5% vol" a ƙasa da ƙananan haruffa. Da na ce mata ni Musulmi ne, nan da nan ta mayar da ita tana ba ni haƙuri, ta ɗauko wata babba, ita ma an rubuta Hanepoot, amma a ƙarƙashi an sa "druiwesap". Hanepoot sunan irin inabin ne kawai, ana yin ruwan zalla da shi, ana kuma yin giya mai ƙarfi. Haka Muscadel. Wanda ya fi su haɗari shi ne Jerepigo: ruwan inabi ne da ba a bari ya tsimu ba, amma aka zuba masa barasa mai ƙarfi har ya kai kashi 15 ko fiye, don haka a baki zaƙin inabi za ka fara ji. Idan kuma ka ga "Cap Classique" a kwalba mai kumfa da aka naɗe wa wuya da takardar gwal, giya ce, ko da ta yi kama da ta wurin bikinmu kamar an tsaga kara.

Yadda za ka yi a aikace ba wuya. Ka bar gaban kwalba, ado ne, ka juya bayanta. Ka nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari tare da "vol" ko "alc", ka kuma lura suna yawan sa waƙafi a inda muke sa ɗigo, wato 0,5 shi ne rabin kashi ɗaya. Ka karanta jerin kayan haɗi: idan ka ga kalmar "wine" a ciki, ko da "de-alcoholised" a gabanta, ka ajiye. Giyar da hukuma ta tantance takan zo da ɗan hatimi a wuyan kwalba da rubutun "Wine of Origin", tsarin da suka kafa tun 1973, sannan da gargaɗin lafiya. Ruwan inabi zalla ba ya ɗauke da waɗannan. Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne tambarin halal. Musulunci ya daɗe a yankin Cape, masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake, kuma hukumomin tantance halal irin su MJC da SANHA suna sa tambarinsu a kayan abinci da na sha. Idan mai sayarwa ne a gabanka, kada ka tambaye shi ko akwai alkohol a ciki, zai ce maka babu da zuciya ɗaya. Ka tambaye shi ko an taɓa barin ruwan ya tsimu, ko kuwa ruwan inabi ne tun farko.

Wurin saye kuwa, babban titin garin, Huguenot Road, cike yake da kantunan giya da gidajen abinci, farashinsu na baƙi ne. Ka fi samun sauƙi a manyan kantuna irin su Pick n Pay ko Woolworths ko Spar, waɗanda suka fi yawa a Stellenbosch inda za ka sauka. Ka sani a can doka ta yarda a sayar da giyar inabi a cikin kantin kayan abinci, saboda haka ka wuce layinta ka nufi layin lemo da ruwan 'ya'yan itace. Wanda aka zare wa alkohol galibi kusa da giya ake jera shi. Da yake watan Maris kakar inabi ce a can, za a iya yi maka tayin sabon matsattsen ruwa da ba a ɗumama ba, suna ce masa "mos". Wannan yana kan hanyar tsimuwa, kada ka saye shi don ajiya. A gidan abinci ma ka tambayi abin da aka zuba a miya da kayan zaƙi, musamman wani abin sha mai kama da madara da askirim da suke kira Dom Pedro, barasa ake sa masa.

Saura maganar ɗauko shi zuwa Mabera. Kwalba mai kumfa ta mililita 750 tana kai kilo ɗaya da rabi ko fiye, saboda gilashinta mai kauri ne. Kwalba 12 sun kusa cinye jaka mai kilo 23, ga shi ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, ga sauyin jirgi kafin ka iso Legas ko Abuja, sannan ka kamo na filin Sultan Abubakar III. Shawarata ka ɗauko kwalba biyu ko uku na wata gona, ka naɗe kowace da riga ka sa a leda, su zama tsarabar Hajiya da ta teburin amarya. Na sauran baƙi ku saya a nan Sakkwato wurin dillalin da kuka yarda da shi, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku karanta bayan kwalbar kamar yadda na faɗa, don a kasuwanninmu ma akan samu masu giya da suka saje da marasa giya. Ku ajiye su a ɗaki mai inuwa, kada a bar kwalayen a rana ko a bayan mota. Wadda aka buɗe a shanye ta a ranar, in ta yi saura a sa a firiji, domin da iska ta shiga yis ya samu ƙofa. Idan kuma akwai masu ciwon sukari cikin iyayen biki, a gaya musu ruwan inabi yana da sukari kamar giram 15 a kowane mililita 100, ya fi na lemon kwalba, sai a tanadar musu zoɓo marar sukari a gefe.