Tambaya da Amsa: Ta yaya unguwarmu za ta samu bas da rumfar jiran mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, ina zaune a wata sabuwar unguwa a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, Kano. Kullum sai na tsaya a bakin titi cikin rana ina jiran adaidaita sahu, kuma hawa biyu nake yi kafin in isa makaranta. Tun da aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya fi ƙarfinmu. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta rubuta takarda har sau biyu tana roƙon "a dubi halin da muke ciki a kawo mana motoci da rumfa", amma shiru. Wa ya kamata mu tunkara, kuma ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri. Zan fara da takardar taku, domin a nan gyaran farko yake. "A dubi halin da muke ciki" magana ce ta gaskiya, amma babu jami'in da zai iya ɗaukarta ya mayar da ita aiki. Ba ta faɗi mota nawa ba, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, a kan nawa. Irin wannan takarda ana karɓarta da mutunci, a sa a fayil, a ci gaba da harka. Abin da ke tilasta wa ofis ya ce e ko a'a shi ne buƙata mai adadi, mai wuri, wadda aka kai wa wanda alhakinta ke wuyansa.

Abubuwa biyu kuka haɗa a takarda ɗaya, kuma masu su daban ne. Bas da hanyar da za ta bi aikin gwamnatin jiha ne, ta hannun ma'aikatar sufuri. Rumfa kuwa ta danganta da wanda ke da titin. Manyan hanyoyin da suka fita daga Kano zuwa Zariya, Katsina da Maiduguri na Gwamnatin Tarayya ne. Yawancin manyan titunan cikin gari na jiha ne, kuma duk ginin da za a kafa a gefensu yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, KNUPDA, sannan a ji ta bakin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA, kan inda mota za ta tsaya. Layukan unguwa, magudanan ruwa da tashoshin mota kuwa, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka kansilanku da ciyaman ba za su iya cewa babu ruwansu ba. Ku fara gano mai titin, sannan ku raba takardar gida biyu.

Kafin ku sake rubuta komai, ku yi ƙidaya. Wannan shi ne aikin da na fi son ku ba shi lokaci. Ku samu matasa biyu ko uku, da littafin rubutu da agogon waya, su zauna a mahaɗar da kuka fi taruwa daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:00 na safe, da kuma daga la'asar zuwa bayan magariba, har mako guda, da Juma'a a ciki. Su rubuta mutum nawa ke jira a kowane minti 15, mata nawa, ɗalibai nawa, tsofaffi da masu buƙata ta musamman nawa. Su zaɓi wasu daga cikin masu jiran su duba minti nawa suka ɗauka kafin su samu abin hawa. Su tambayi mutane ina za su, hawa nawa za su yi, nawa suke kashewa zuwa da dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a mafi yawan sababbin unguwanni babu ofishin da ke da waɗannan alƙaluma. Ranar da kuka shiga ofis da su, kun fi wanda ke kan kujerar sanin titin.

Ku mayar da kuɗin motar lissafin wata. Misali, idan ma'aikaci yana kashe N1,200 a rana, a kwanakin aiki 22 ya kashe N26,400. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 N70,000 ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi a hanya kafin a sayi masara ko a biya haya. Ku sa naku adadin na gaskiya a madadin nawa. Layi ɗaya irin wannan ya fi shafi uku na koke tasiri.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi, har da masu raba motocin. Amfanin bas yana ga tazarar da ke tsakanin wadda ta wuce da mai zuwa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. A ce daga unguwarku zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari tafiyar minti 45 ce saboda cunkoso, dawowa ma haka, a ƙara minti 10 na hutun direba da juyawa. Zagaye ɗaya ya zama minti 100. Idan ana so bas ta riƙa zuwa duk bayan minti 10, sai an sa mota 10 a kan hanyar, da ɗaya ko biyu a ajiye saboda gyara. Idan aka ba ku uku kawai, tazarar ta wuce rabin awa. Malamar da za ta sa hannu a rajista kafin takwas ba za ta jira rabin awa ba, za ta tare adaidaita sahu. Sai motocin su riƙa yawo babu fasinja, kuɗin shiga ya kasa sayen mai, bayan 'yan watanni a ce mutanen unguwar ba sa son bas. Alhali tun farko motocin ne ba su kai adadin da za a dogara da su ba.

Don haka kada ku rubuta "a kawo mana motoci". Ku rubuta cewa kuna neman bas daga mahaɗa kaza zuwa wuri kaza, wadda ba za ta wuce tazarar minti 10 ko 15 ba a lokacin fita aiki da tashi, a kan farashin da aka rubuta a jikin mota. Ku nemi ta tashi da lokaci, ba sai ta cika ba. Al'adar jiran lodi a tasha ita ce ke sa wanda ke tsakiyar hanya ya ga mota ta wuce shi a cike. Kuma ku tambayi wa zai biya mai, albashin direbobi da kayan gyara bayan an gama bikin ƙaddamarwa. Sayen mota abu ne na rana ɗaya, da hoto da jawabi. Inda tsare-tsaren bas na jihohinmu suka saba mutuwa shi ne wajen taya, birki da bakanike.

Wannan hanya ta neman abin da ake iya aunawa an gwada ta. A birnin Los Anjeles na Amurka, wata ƙungiyar masu hawa bas, yawancinsu talakawan ma'aikata, ta shiga ƙarar hukumar sufurin yankin a 1994. A 1996 aka cimma yarjejeniya a gaban kotu wadda ta ƙayyade yawan cunkoso, ta yadda a ƙarshe fasinjoji ba za su wuce 120 ba a kan kowace kujera 100. Daga nan mambobin ƙungiyar suka riƙa tsayawa a wuraren jiran mota suna ƙirga waɗanda ke tsaye a cikin bas, kuma kotu ta umarci hukumar ta ƙara motoci da aka ga ba ta cika alƙawari ba. Ba ina cewa ku tafi kotu ba. Abin dubawa shi ne da a ce alƙawarin "za mu inganta sufuri" aka yi musu, da babu abin da za su ƙirga.

Akwai mutanen da ban ji kin ambata a cikin shirinku ba, kuma idan kuka bar su a waje za ku sha wahala: 'yan adaidaita sahu da 'yan ƙungiyar direbobi. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ke ɗauke da garin. Matuƙin nan yana da balas da zai kai wa mai mashin kowace rana, yana da iyali, kuma wataƙila maƙwabcinki ne. A ƙarshen 2022, da gwamnatin Kano ta fito da motocin bas masu suna Kanawa, ta sanar da hana adaidaita sahu bin wasu manyan tituna, amma ba a je ko'ina ba ta janye saboda koken jama'a. Legas ta bi wata hanya dabam: da ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a Maris 2008, ƙungiyar direbobi ta NURTW tana cikin masu gudanar da motocin. A unguwa irin taku, babbar bas ba za ta shiga lunguna ba. Aikinta babban titi ne, adaidaita sahu kuma ya kwaso mutane daga cikin unguwa ya kawo su bakin titi. Ku kira shugaban reshen 'yan adaidaita sahu zaman farko, ku nuna masa cewa a zanen da kuke nema akwai wurin tsayawarsu kusa da rumfar.

Rumfa ita ce abin da za ku iya samu da wuri, don haka ni da ita zan so ku fara. Inda za a kafa ta ya fi kyanta muhimmanci. A kafa ta inda mutane suka riga suka saba tsayawa, domin fasinja ba ya ƙaura saboda an yi gini. Kada ta zauna a bakin mahaɗa ko shataletale daidai, a ɗan wuce gaba, don motar da ta tsaya kada ta toshe masu juyawa ko ta kare wa mai tsallakawa gani. Masu tsara birane suna ɗaukar mita 400, wato tafiyar kamar minti biyar, a matsayin nisan da yawancin mutane za su yarda su taka zuwa wurin hawa. Kowace matsaya tana buƙatar takwararta a ɗaya gefen titin da wurin tsallakawa mai aminci a tsakaninsu, tun da wanda ya hau a nan da safe a can zai sauka da yamma. Yaran makaranta sun fi fuskantar hatsari a wannan tsallakawar.

Sai yanayinmu. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma rumfar kwano mai gajeren rufi ba ta da amfani da ƙarfe biyu na rana. A ɗaga rufin, a bar iska ta ratsa, a kare ɓangaren yamma daga ranar la'asar, a tuna cewa hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa. A dasa darbejiya biyu a gefe. A ɗaga daɓen sama da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, a rufe kwatar da ke gabanta da silab, a sa fitila mai amfani da hasken rana saboda matan da ke dawowa bayan magariba. A yi benci isasshe yadda mata za su zauna a sake. Sannan a yi gangara maimakon matakala saboda masu keken guragu. Wannan ba alfarma ba ce: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi gine-ginen jama'a da sufuri, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara ya riga ya cika.

Idan wani ɗan kasuwa ko mai hali a unguwar ya yarda ya gina, madalla, amma ku karɓi izini a rubuce kafin a sa bulo ɗaya, don kada a zo a rushe. Ku kuma amince tun farko wa zai share, wa zai hana a mayar da ita shago ko wurin fakin.

Game da kai takarda, ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci, su sa hannu tare da limami, shugabannin makarantu, wakiliyar mata da na 'yan adaidaita sahu. Shafi ɗaya ya isa, a liƙa masa ƙidayarku da hotuna da zanen titin ko da na hannu ne. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi. Ku rubuta sunan ofishin da aka tura ta, ku koma bayan mako biyu, mutum biyu ko uku waɗanda ba a canza su, domin jami'i ya san fuskokinsu. Kwafi ɗaya ya tafi wurin ɗan majalisar jiha mai wakiltar Kumbotso.

Lokaci ma yana da tasiri. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu na kasafin shekara mai zuwa tun daga tsakiyar shekara, gwamna kuma yakan kai kasafin majalisa wajen ƙarshenta. Takardar da ta iso a Janairu ta tarar an rufe lissafi. Ku shigar da taku kafin damina ta yi nisa, ku halarci taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi idan an kira, sannan idan kasafin ya fito ku nemi layin da ya ambaci aikinku da adadin kuɗinsa.

Rediyo kuwa ku ajiye shi zuwa mataki na biyu. Shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio suna da masu sauraro a ofisoshin gwamnati, amma idan kuka fara da su kafin ku ba ofis dama, jami'in da zai taimake ku sai ya koma kare kansa. Idan wata biyu suka wuce babu amsa, ku tafi da takardarku mai hatimi, ku karanta kwanan watan da aka karɓa, ku karanta ƙidayarku, ku faɗi abin da kuke nema a jimla ɗaya, ba zagi ba siyasa. Zai yi kyau ke ko wata daga cikin matan da ke tsayuwar nan kullum ta yi maganar da bakinta.