Amsa: Zanena ba ya nuna nisa

Ɗan'uwa, ka ce zanenka na fitowa a shafe, ba kusa ba nesa, kuma ba ya nuna kaushi. Ina zargin kana danna fensir iri ɗaya ko'ina. Ka kalli dutsen Kufena na Zariya lokacin hunturu: hazo ya dusar da shi, tsagoginsa sun ɓace, amma katangar da ke gabanka har ciyawar da aka cakuɗa cikin ƙasar kana gani. To, na kusa ka ba shi duhu da fensir mai laushi, wato 4B, na nesa kuma fensir mai ɗan tauri, wato HB, hannu sake-sake.

Maganar kaushi kuwa, inuwa ce ke sa ido ya ji tudu. Shiga Birni da hantsi ka duba zanen bangon gidaje. Ko ka ɗora takarda kan tabarma, ka goga fensir a kwance.