Karatun noman inabi a jami'a: ta wace ƙofa ake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bana na kammala sakandare, kuma mahaifina yana da 'yar gonar inabi a yankin Kudan ta jihar Kaduna, inda nake taya shi aiki tun ina ƙarami. Ina so in karanta noman inabi a jami'a, amma an ce mini karatun ba ya rabuwa da koyon haɗa giya. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya gaya maka wannan magana ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma ya bar maka ɓangaren da ya fi shafar ka. Ilimi biyu ne mabambanta da aka saba haɗawa a ƙarƙashin sashe ɗaya, shi ya sa a jerin kwasa-kwasan jami'o'in da ke koyarwa da Turanci za ka riƙa cin karo da sunan Viticulture and Oenology. Kalmar farko tana nufin ilimin kuringar inabi, tun daga ƙasar da za a dasa ta har zuwa ranar da za a yanke nonon inabin, ta biyun kuwa ilimin sarrafa ruwansa ya zama giya. Tarihi ne ya haɗa su, domin tsofaffin makarantun fannin sun tashi ne a yankunan da giya ce babbar hajar manomansu. Makarantar Geisenheim ta Jamus, wadda aka kafa a 1872, da jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, da jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, da cibiyoyin Montpellier da Bordeaux na Faransa, duk a irin waɗannan yankuna ko kusa da su suke. Wanda ya shiga digirin da ya haɗa fannonin biyu zai tarar da darussan sarrafa giya da na ɗanɗana ta a cikin manhaja, kuma bai kamata in ɓoye maka hakan ba. Hukuncin shari'a kan wannan na malaman addini ne. Abin da ke wuyana shi ne in nuna maka cewa ba ita kaɗai ce hanya ba.

Inabin da ake ci ɗanye da wanda ake shanyawa ya zama zabibi babbar sana'a ce mai zaman kanta a Indiya, da Turkiyya, da Masar, da Iran, da Sin, da Peru, kuma a yawancin waɗannan ƙasashe ana koyar da nomansa ne a sashen nazarin itatuwan marmari da kayan lambu na tsangayar aikin gona. Turkiyya tana da cibiyar binciken inabi a Manisa, yankin da ya shahara da zabibi marar ƙwallo, Indiya kuma ta buɗe tata cibiyar ta ƙasa a Pune ta jihar Maharashtra a 1997. A gida Nijeriya, ƙofar da zan nuna maka ita ce digirin aikin gona na shekara 5, kamar wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, ka karkata zuwa ga ilimin amfanin gona, sannan ka roƙi malaminka ya bar ka ka yi binciken shekarar ƙarshe a kan inabi. Ƙwarewa ta musamman sai ta biyo baya a digiri na biyu.

Akwai dalilin da ya sa nake fifita maka wannan hanya ko da babu batun giya a ciki. Yawancin littattafan fannin an rubuta su ne domin ƙasashen da ke tsakanin digiri 30 zuwa 50 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), inda sanyi mai tsanani yake sa kuringa ta kakkaɓe ganyenta ta kwanta barci na watanni, sannan ta farka da kanta ta yi toho idan yanayi ya yi ɗumi. Gonar mahaifinka tana wajen digiri 11 ne, inda sanyin hunturu bai kai ya kwantar da ita yadda ya kamata ba, don haka manomi ne yake tsara mata lokacin hutu da na aiki da hannunsa, ta hanyar janye mata ruwa, da datse rassa, da shafa wa idanun reshe sinadarin da ke tayar da toho a lokaci guda. Manoman Maharashtra ta Indiya suna datsa sau biyu a shekara: a watan Afrilu domin kuringa ta fitar da sababbin rassa, sai kuma wajen Oktoba domin ta yi fure, ta yadda 'ya'yan za su nuna a cikin rani. A kwarin kogin São Francisco na Brazil, kusa da birnin Petrolina, rana da ban ruwa sun ba su damar girbi sau biyu a shekara. Waɗannan su ne wuraren da yanayinsu ya yi kama da namu, kuma ɗalibin da ya fito daga Kudan zai fi tsintar abin da zai dawo da shi gida a Pune ko Petrolina fiye da abin da zai samu a bakin kogin Rhine na Jamus, inda Geisenheim take.

Shi kansa karatun yana farawa ne da kimiyyar sinadarai, da ilimin tsirrai, da nazarin ƙasa, da lissafin ƙididdiga, waɗanda ɗalibai da yawa suke rainawa saboda ɗokin shiga gona. Kada ka bi sahunsu, domin kuringa tana iya shekara 20 ko fiye a inda aka kafa ta, kuma kuskuren da aka yi wajen zaɓen fili ko iri ba ya gyaruwa da taki. Daga nan za ka koyi aure, irin wanda ka sani a mangwaro, amma a inabi dalilinsa ya fi zurfi. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860 ya hallaka gonakin Faransa masu ɗimbin yawa, kuma ba a shawo kansa ba sai da aka koma aura irin Turai a kan gindin inabin Amurka mai jure masa. Har yau zaɓen gindi yana cikin manyan darussa, kuma a Indiya gindin da ake kira Dogridge ya bazu saboda juriyarsa ga fari da gishirin ƙasa.

Cututtuka ma za su ci maka lokaci mai yawa. Fumfunar da ke kama ganye idan ya jiƙe ita ce babbar abokiyar gabar mai inabi a damina, kuma a kanta ne masanin tsirrai Millardet ya fito da haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa a 1885, wanda ake fesawa har gobe. Wata fumfunar mai kama da toka ba ta buƙatar ruwan sama, ta fi son inuwar ganyen da ya cunkushe, kuma da farar wuta aka daɗe ana yaƙar ta. Wannan ne ya sa tsarin rumfa da rage ganye suke da muhimmanci: iskar da ke ratsa kuringa tana rage kuɗin feshi.

Ɓangaren tafiyar da gona shi ne wanda nake ganin matasa sun fi sakaci da shi, alhali a nan ake samun riba ko a tafka asara. Kafa gonar inabi yana cin jari tun kafin a ga ƙwaya ɗaya: turaku, da waya, da rijiyar burtsatse, da bututun ban ruwa na ɗigo, da ragar kare tsuntsaye, da ladan 'yan ƙwadago waɗanda sai an horar da su kafin a damƙa musu almakashi. Za a koya maka lissafin shekarun da jari zai ɗauka kafin ya dawo, da yadda ake auna zaƙin 'ya'ya da ɗan ƙaramin ma'auni kafin girbi, domin inabi ba ayaba ba ne, idan aka yanke shi da tsami haka zai kai kasuwa da tsaminsa. Za ka kuma koyi sanyaya shi da shirya shi a kwali, tunda a kasuwannin Kano da Abuja da inabin da aka shigo da shi daga waje zai yi gogayya.

Kafin ka nemi gurbi a kowace jami'a ta waje, ka buɗe manhajarta ka karanta darasi bayan darasi, ka ga waɗanda suke dole da waɗanda suke zaɓi, sannan ka rubuta wa sashen ka tambaye su ko suna da gonar gwaji ta inabin ci da malamin da yake bincike a kansa. A yanzu kuma, tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito, ka sayi littafi ka fara rubuta abin da ke faruwa a gonar mahaifinka: ranar datsa, ranar toho, ranar fure, yawan ban ruwa, abin da aka fesa, da nauyin abin da kowane layi ya bayar. Idan ka riƙe wannan rubutu na shekara 4 ba tare da tsallake ba, za ka isa ajin ƙarshe da bayanan da za ka gina bincikenka a kansu. Ka gaishe mini da mahaifin naka.