Kan zanen da kake so a yi maka a gadon baya

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kana so a zana maka rubutu a gadon baya irin na Yue Fei, jarumin yaƙin Sinawa na zamanin da, ko al'adarmu ta yarda? Na yi dariya har Hajiya ta leƙo, da dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Ka san na taɓa tsayawa a kabarin mutumin nan? Zamanin da nake zuwa Yiwu a ƙasar Sin saro kaya ne, tafintana ya ce mu leƙa birnin Hangzhou. Kabarin na bakin tafki. Gabansa ga gumakan ƙarfe huɗu a durƙushe, hannu ɗaure ta baya, cikinsu har da waziri Qin Hui, wanda ya ƙulla makircin kashe shi, da matarsa. Wani tsoho ya zo riƙe da jikansa, ya yi kaki ya tofa wa wazirin a ka, alhali ga allo an rubuta kada a tofa. Yaron ma ya kwaikwaya. Nan na tuna Baba Malam, da yake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Shekara ɗari takwas da ɗoriya, kwikwiyon bai gaji ba.

Tafinta ya ba ni labarin muna cin wata soyayyar fulawa doguwa, biyu a manne, wai wazirin da matarsa ne ake jefawa a mai. A 1127 mayaƙan ƙabilar Jurchen daga arewa suka ci Kaifeng, babban birnin daular, suka tafi da sarki da ubansa. Yue Fei, ɗan talakawa, ya yi ta fafatawa da su har ya karya mahayan dawakinsu a Yancheng a 1140. Yana tsaka da samun galaba sai Gaozong, sarkin da ya hau gadon bayan an kame na da, ya kira shi gida, an ce saƙo goma sha biyu a yini ɗaya, don fada sulhu take so. A 1142 aka kashe shi a tsare, bai cika arba'in ba. Sai bayan shekara ashirin aka wanke sunansa. Rubutun bayan nasa cewa yake ya yi wa ƙasa hidima da cikakkiyar amana, kuma an ce uwarsa ce ta tsaga masa da allura.

Uwarsa fa, ba wani yaro mai shago ba. Mu ran suna wanzami ya yi mana tsagar gida, ba wanda ya nemi shawararmu. Ku kuka ce ƙauyanci ne, ga ka yanzu kana neman ta Sinawa. Kakarka takan ce hali zanen dutse ne, na fata kuwa ƙasa za ta ci.

Hukuncin abin a addini, ka tambayi liman. Kafin nan buga wa uwarka waya, ka ji ko za ta riƙe allurar.