Gishirin da ya narke a ruwa, ina ya tafi?

Tambaya: Malam, idan na zuba gishiri a ruwa ya narke, sabon sinadari aka samu ko kuwa? Kuma yaya zan raba gishirin da ya haɗu da yashi? Daga wani ɗalibin sakandare a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, babu sabon sinadari. Gauraye ne kawai, gishirin yana nan, ya watsu ne cikin ruwan har ido ba ya ganinsa. Shi gishirin kansa ne haɗaɗɗen sinadari: sodiyam da kulorin suka haɗu suka ba da NaCl, kuma tacewa ko tafasawa ba za su raba su ba. Kulorin shi kaɗai iska ce mai guba, amma ga shi kullum muna cinsa a miya.

Ruwa yana da iyaka. Mililita 100 ba ya narkar da fiye da kusan giram 36, saura sai ya kwanta a gindin kofi komai juyawarka.

Batun yashi kuwa, zuba ruwa mai ɗumi, ka juya sosai, ka bari yashin ya kwanta, sannan ka tace da kyalle mai ƙananan idanu, don mai manyan idanu yana barin ƙura ta wuce. Ɗora ruwan a wuta kaɗan-kaɗan. Da ya kusa ƙafewa ka sauke, in ba haka ba gishirin zai riƙa tartsatsi yana zubewa. Rana za ta ƙarasa aikin, kamar yadda take ƙafar da ruwa a ramukan gishiri na Bilma.